Zankon Don Ranulfo

A garin La Chona duk mai hannu a harkar faɗan zakaru yana da matsayinsa, kuma ya san shi. Akwai mai zakara, wanda ake cire wa hula. Akwai mai ɗaura wa zakara aska a ƙafa, wanda ake saya wa giya tun bai nema ba. Akwai mai sakin zakara a fili, wanda 'yan mata ke leƙe. Can ƙasa da su duka, inda gaisuwa ba ta cika kaiwa ba, akwai Ranulfo Ornelas, mai yanke zanko.

Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Zakaran faɗa ba a barinsa da zanko, don ta nan abokin karawarsa zai cafke shi, jini ya rufe masa ido. Saboda haka da ɗan zakara ya tasa sai a aika a kira Ranulfo. Zai zo da almakashinsa naɗe cikin tsumma, ya matse zakaran a hammata, ya datse zankon, ya shafa toka, sannan ya yayyanka naman ƙanana ya ba zakaran ya haɗiye abinsa, wai don kada ƙarfinsa ya bar jikinsa. Ba ya yanka sai wata ya fara raguwa, domin a cewarsa jini wata yake bi, in wata na cika shi ma cika yake. Gwani ne, ba a taɓa jin zakara ya mutu a hannunsa ba. Amma in zakara ya ci faɗa mai shi ake ɗagawa sama, ba wanda ke tambayar wa ya yi masa aski.

Haka ya haura hamsin. Mutum ne siriri, mai dogon wuya, wanda in ya shiga shago sai an sallami duk waɗanda suka zo bayansa kafin a lura da shi. Matarsa Herlinda, mai ɗinkin ado a kan mayafai, ita kaɗai ce a garin ke jin motsin shigowarsa, ita ma yawanci don ta ce masa ya goge takalmi.

Wata rana wani zakara ya kuɓuce masa da rabin zanko. Ranulfo ya bi shi da gudu har bakin kasuwa, a nan duniya ta yi masa duhu, ya yanke jiki ya faɗi cikin tulin lemo. Da ya farfaɗo, mai lemon ya fara tambayarsa ko shi baƙo ne a garin. Likitan gari ya saurari ƙirjinsa, ya ɓata rai, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai birnin Guadalajara.

A asibitin koyarwa na can aka kwantar da shi a wani ɗaki mai sanyi. Wata ma'aikaciya ta kafa masa ɗan mazurari a gefen wuya, daidai kan jijiyar da ke harbawa, ta ce ya fitar da numfashi ya riƙe. Daga mazurarin wata roba ta tafi cikin na'ura, na'urar kuma tana zana kowane bugun jini a kan doguwar takarda. Ma'aikaciyar ta dubi takardar, ta sake duba, sai ta fita ba ta ce masa ya ci gaba da numfashi ba. Ranulfo, da yake mutum ne mai biyayya, ya kusa sake suma kafin ta dawo da babban likita.

Likita Zermeño gajere ne mai sanƙo, da ɗan ma'auni a aljihun gaba inda wasu ke sa alƙalami. Ya shimfiɗa takardar a kan cikin Ranulfo kamar tebur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kira masa kowa. Nan da nan ɗakin ya cika da fararen riguna.

“Ku zo ku ga zankon zakara,” in ji likita. “Tun da nake ban taɓa ganin mai kyan wannan ba.”

Ranulfo ya ji kunya ta rufe shi. Ya ɗauka labarin sana'arsa ne ya riga shi zuwa birni, aka taru a yi masa dariya.

“Ranka ya daɗe, sana'a ce dai kamar kowace,” ya ce a hankali.

“Wace sana'a?”

“Yanke zanko.”

Likita ya dube shi ta saman tabarau. Da aka fahimci juna, dariyar da Ranulfo ke tsoro ta zo, amma ba irin wadda ya saba ba ce, domin da shi ake yi. Likita ya zauna a bakin gadon ya nuna masa. Ya ce zuciya tana da ƙofar da jini ke bi ya fita zuwa jiki. A wurin mai lafiya ƙofar buɗewa take wangal, jini ya fita a guje, sai zanen ya miƙe tsaye lokaci guda ya sauko. Ƙofar Ranulfo kuwa ta tsuke ta ƙandare, jini sai ya matsa yake fita, shi ya sa zanensa ke hawa a hankali kamar tsoho a kan tudu, yana karkarwa, samansa ya yi tsini-tsini. Wannan tsinin shi likitoci ke kira zankon zakara. Gwargwadon daɗewar hawan da tsawon bugun, gwargwadon tsukewar ƙofar.

Ranulfo ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ya karkata ta, ya duba da idon sana'a.

“Zanko ne,” ya ce. “Tsayayye kuma, bai kwanta gefe ba. Haƙoransa daidai suke. Irin wannan ko ni sai na yi jim kafin in sa almakashi.”

“Kun ji ko, Don Ranulfo ma ya shaida,” in ji likita.

Ba a taɓa ce masa Don ba, laƙabin da manyan mutane kaɗai ake yi wa. Ya tafi da kalmar gida a bas, yana juya ta a baki har La Chona. Likita ya kuma ce masa ciwon ba na wasa ba ne, dole a riƙa aunawa a kai a kai, wata rana kuma sai an yi fiɗa. Wannan ɓangaren a kunnen Herlinda ya zauna, shi nasa kunnen ya riga ya cika.

Daga nan Don Ranulfo ya zama kayan koyarwa. Duk sa'ad da sababbin ɗalibai suka zo, ko lokacin jarrabawa ya yi, sai asibiti ya aiko a kira shi. Zai yi aski, ya murje wuya da sabulu, ya ɗaura jan ƙyalle don kada iska ta taɓa wurin. Ɗalibai su yi layi, kowa ya ɗora yatsu a gefen wuyansa ya ji jijiyar tana gurnani kamar mage. Ba a daɗe ba ya haddace darasin. In ɗalibi ya daburce a gaban likita, Don Ranulfo kan raɗa masa amsa ta gefen baki. In kuma ɗalibin mai girman kai ne, sai ya bar shi ya nutse.

“Ba nan ba, ɗana, ƙara yin sama. Nan maƙogwaro ne, kowa na da shi.”

An taɓa kawo wasu baƙin likitoci daga ƙasar waje, suka ɗauki hotonsa. Da aka nuna masa, sai ya ga wuya ne kawai da gefen haɓa. Ya ɗan ji haushi, amma ya ce ba komai, duk wanda ya san abu zai gane. Akwai wani tela daga Tepatitlán da shi ma ake kira, mai irin ciwon. Don Ranulfo yakan gaishe shi da tausayi, domin zanen telan, a cewarsa, zankon kaza ne.

A gida kuwa abin har ya fi haka. Tiburcio, kompadrensa, wato uban baftismar 'yarsa, shi ya fara baza labari a filin zakaru cewa likitocin birni sun gano zakara a wuyan Ranulfo. Wani mai zakara da ya sha kaye sau da yawa ya zo cikin raha ya taɓa wuyan kafin a saki nasa, aka yi dace ya ci. Shi ke nan. Daga ranar ba a fara faɗa sai Don Ranulfo ya zauna a kujerar gaba ya kwance jan ƙyalle. Masu zakaru su taɓa, masu caca su taɓa, wasu har zakaran suke kawowa su goga masa a wuya. Rabinsu faɗuwa suke yi, kamar yadda rabin masu faɗan zakaru ke faɗuwa tun da aka halicci zakara, amma waɗanda suka faɗi sukan ce ba su taɓa daidai wurin ba ne.

Kada a yi masa mummunar fahimta. Ba wauta ce zalla ba. Mutumin da ya shekara hamsin ana bi ta gefensa kamar turke, in aka wayi gari ana tashi a ba shi kujera, daɗin da zai ji ba ƙarami ba ne, kuma Don Ranulfo ya ji shi har cikin ƙashinsa.

Sai dai ɗan ma'aunin Likita Zermeño ba ruwansa da kujera. Kowane zuwa yakan ɗora shi a kan sabon zane, kuma kowane zuwa hawan ya ƙara jinkiri, bugun ya ƙara tsawo, zankon ya ƙara kyau. Suma ma ta ƙaru, ga wani nauyi da ke danne masa ƙirji in ya hau matakala. A shekara ta uku likita ya kori ɗalibai daga ɗakin, ya sa aka shigo da Herlinda.

“Don Ranulfo, lokaci ya yi. Ƙofar ta tsuke ƙwarai. Za a buɗe ƙirji a cire ta, a sa ta roba da ƙarfe. In aka yi yanzu, ina sa ran za ka ga jikokinka sun girma. In ba a yi ba, ba na ba ka shekaru masu yawa.”

“A yi,” in ji Herlinda.

“Tsaya mana, tsohuwa, ba ƙirjinki ba ne. Ranka ya daɗe, in an sa sabuwar, zankon fa?”

“Zai tafi. Zanenka zai koma kamar na kowa.”

“Kamar na kowa.”

“Ƙwarai.”

“To ni kuma in zama me?”

“Mai rai,” in ji likita.

Don Ranulfo ya auna maganar, ga alama bai ga riba a cinikin ba. Can ya tambaya yau nawa ga wata. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai, ya ce wata na cika, ko zakaran maƙiyinsa ba zai yanka a irin wannan lokaci ba. Likita ya ce to a sa rana bayan wata ya ragu. Da watan ya ragu, bikin San Marcos, lokacin manyan faɗan zakaru, ya matso, masu zakaru sun dogara da shi, ba zai watsa musu ƙasa a ido ba. Bayan biki ga jarrabawar ɗalibai, yaran mutane, wa za su taɓa, telan Tepatitlán? Bayan jarrabawa kuma wata ya sake cika. Watan nan bai taɓa yi wa wani ɗan Adam hidima kamar yadda ya yi wa Don Ranulfo ba.

Herlinda ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi yaji zuwa gidan ƙanwarta ta dawo da kanta, don ba wanda ya je biko.

“Kai tsoho, kana da hankali kuwa? Mutanen nan da ke shafa maka wuya, ranar da ka faɗi wa zai ɗauke ka a cikinsu?”

“Duka. Har rububi za su yi.”

“Su ɗauke ka zuwa maƙabarta.”

“A da dai ko can ɗin ma ke kaɗai za ki raka ni.”

Wannan amsa ta yi mata ciwo, domin ta san gaskiya ce. Da ta ga ba ta iya masa, sai ta kai ƙara gaba. Ta tafi San Juan de los Lagos, ta shiga coci a kan gwiwoyinta tun daga ƙofa har gaban Uwargida Maryama, ta yi alkawari: in aka cire wa mijinta zakaran nan daga wuya, za ta kawo zanen godiya a rataye a bango, ta kuma ciyar da unguwa.

Shi kuwa Don Ranulfo, da ya gaji da kallon da likita ke yi masa, sai ya daina amsa kiran asibiti. Ya tsaya a filin zakaru, inda ba mai ma'auni. Aka yi wata da watanni. Takalminsa ya fara matse shi, ya ce fatar ce ta bushe. Ya koma barci a zaune, ya ce katifar ce ta lotsa. Daga gida zuwa fili sai ya huta a hanya, ya ce gaisuwa ce ta yi masa yawa.

Ranar wata Lahadi wani mai zakara daga Lagos, wani gari da ke kusa da su, ya ɗora masa yatsu a wuya, ya matsa nan, ya matsa can, sannan ya dubi Tiburcio.

“Wai ina abin yake ne? Ni ban ji komai ba.”

“Hannunka ne ya yi kanta,” in ji Tiburcio. Ya ture shi ya taɓa da kansa. Ya daɗe. “Kompadre, ko dai barci yake?”

Don Ranulfo ya kai nasa hannun. Gurnanin yana nan, amma can ƙasa-ƙasa, sai ka kasa kunne da yatsa. Ya ɗaure jan ƙyallensa ya tashi ya bar fili tun ba a saki zakarun farko ba.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da Herlinda a tsakar gida ta durƙusa tana kuka tana dariya. Washegari ta je wurin mai zane, ya zana mata a kan fallen kwano: ga Ranulfo kwance, ga wani jan zakara yana fita daga wuyansa yana tashi sama, ga Uwargida cikin gajimare ta miƙa hannu kamar za ta karɓe shi. Ta sayi talotalo biyu, ta kira mata su zo niƙan barkonon miyar biki da ake kira mole, ta yi magana da makaɗa. Aka sa ranar Asabar.

Duk unguwa na murna, mai abin yana zaman makoki. Ya ce shi sai ya ga takarda da idonsa. Ranar Asabar ɗin da sassafe ya hau bas zuwa Guadalajara, ya ce zai dawo kafin a sauke tukunya.

Ma'aikaciyar ta kafa mazurari, ya fitar da numfashi, amma riƙewar ta gagare shi, sai da aka yi ta maimaitawa. Da takarda ta fito ya karɓa tun kafin likita. Bugun ya gajarce, tudun ya ƙanƙance, tsinin ya shafe saura ɗan alama. Ba shi da maraba sosai da na mutanen da yake gani ana sallama.

“Ko telan Tepatitlán ya fi ni yanzu,” ya ce.

Likita Zermeño bai ko ciro ma'auninsa ba. Ƙafafun Don Ranulfo yake kallo. Ya danna yatsa a ƙaurinsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya saurari bayansa ya daɗe.

“Tsohuwa ta ce Uwargida ce ta ɗauke shi,” in ji Don Ranulfo. “Ni dai ban roƙa ba. Amma tunda ya tafi, ba ni da abin da zan yi asara. In har yanzu kuna son yankan, ku yanka. Wata ma ya fara raguwa, na duba.”

Likita ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

“Don Ranulfo, zankon nan da muke yabo, ka san me ke yin sa? Ƙarfin zuciya ne. Ƙofa a tsuke, zuciya na turawa da iya ƙarfinta, jini na kutsawa yana karkarwa. Ƙofarka ba ta buɗe ba, ta ma ƙara tsukewa. Mai turawar ce ta gaji.”

“To a canja ƙofar, ta huta.”

“Da bara ne, ko farkon bana. Yanzu in muka kwantar da ita a kan tebur, ba na jin za ta tashi. Zan kai maganarka gaban masu fiɗa, amma na san abin da za su ce, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Zan ba ka maganin da zai rage kumburin, ka samu numfashi.”

Don Ranulfo ya dubi takardar da ke hannunsa. Ya san zakaran da ya daina kai sara ba don ya huce ba. Ya sha ganinsu a fili, a tsaye, ido buɗe, masu su na ta ihu suna cewa dabara ce.

“Har yaushe?”

“Ban sani ba. Ba da nisa ba.”

Likita ya rako shi har bakin titi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya tsaya har ya ga ya hau mota.

Tun daga kan kwana ya jiyo kiɗa. An jera tebura a titi, an rataya takardu masu launi daga rufi zuwa rufi, zanen godiya na jingine a kan kujera an kewaye shi da furanni kafin a kai shi San Juan. Masu zakaru sun zo, har da na Lagos. Da suka hango shi suka tashi tsaye. A hanya ya shirya maganar da zai gaya wa Herlinda, ya gyara ta ya sake gyarawa, ya yanke cewa zai ja ta ɗaki ya faɗa mata a zaune.

Ta fito daga kicin da sabuwar riga, hannunta duk miya, gwiwoyinta har yanzu da tabon dutsen coci. Tun ranar aurensu bai ga fuskarta haka ba. Makaɗa suka tsagaita.

“To, tsoho? Me likitan ya ce?”

Don Ranulfo ya nemi numfashi, ya samu kaɗan.

“Ya ce ba za a yanka ni ba.”

Titi ya kaure da sowa, makaɗa suka saki kiɗa. Herlinda ta goge hannu a gefen riga, ta kwance masa jan ƙyallen da kanta, ta ɗora yatsu biyu a gefen wuyansa, ta rufe ido tana saurare.

“Shiru,” ta ce, hawaye na zubo mata. “Ka ji, tsoho? Shiru kake ji.”

“Na ji,” in ji shi.

Ta kama hannunsa ta ja shi tsakiyar titi, ta ce yau kam sai ya yi rawa da ita, ya bi ta.